Ƙiyasin Asarar Kaya a Aikin Shimfiɗa Hanya

Abin da muke nufi da asarar kaya shi ne bambancin da ke tsakanin kayan da aka kai wurin aiki da waɗanda zanen injiniya ya buƙata. Ƙiyasi kuwa shi ne tsinkayar yawan wannan bambanci kafin a fara aiki, domin ɗan kwangila ya sa shi cikin farashinsa. Kayan da muke magana a kansu su ne marmara, wato jar ƙasar da ake shimfiɗawa daga ƙasa, da niƙaƙƙen dutse da ke binta, sannan kwalta, cakuɗen baƙin mai da tsakuwa, wadda ke rufe sama.

Wajibi ne mu fara ware abin da ya yi kama da asara alhali ba ita ba ce. Marmara takan kumbura idan an haƙo ta, ta kuma takure idan rola, motar daɓe hanya, ta danne ta. Saboda haka yawan abin da tifa ta juye kullum ya fi abin da za a auna bayan daɓe, kuma wannan raguwa lissafinta daban ne.

Asara ta haƙiƙa iri biyu ce. Akwai ta bayyane: tsakuwar da ta zube a hanya, tarin yashin da ruwan damina ya kwashe, da kwaltar da ta huce cikin tifa har ta ƙi dannuwa. Ido na ganinta, shi ya sa ake yawan ambatonta.

Ɓoyayyar ita ce, a ganinmu, ta fi cancantar kulawa, domin cikin kaurin shimfiɗa take shigewa. Mu ɗauki hanya mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 7.3, wadda za a rufe da kwalta mai kaurin milimita 40. Tana buƙatar mita kubik 292, kubik ɗaya kuwa shi ne awon da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita guda ne. Da yake kowane kubik na dannanniyar kwalta ya kai kusan tan 2.4, jimla ta kai kimanin tan 700. To, idan shimfiɗar dutsen da ke ƙasa ba ta daidaita ba, har kaurin ya ƙaru da milimita 5 kacal, ƙarin ya kai kusan tan 88, fiye da kashi 12 cikin 100. Kwaltar tana nan kan hanya, amma wanda ya ba da kwangilar kan biya ne bisa awon zane. Ana gano irin wannan ta hanyar gwama takardun sikelin tifofi da kaurin gutsuren da aka huda aka ciro daga hanyar, kuma gwajin ya fi amfani idan ana yin sa kullum, tun shimfiɗa ba ta yi nisa ba.