Daga Majigi Zuwa Bikin Adabi: Tarihin Mai Bayani a Gaban Allo

Cikin 'yan shekarun nan an fara wani irin taro a Arewa wanda a ke kira bikin adabi, kamar wanda aka soma a Kaduna cikin 2017, da kuma na littattafan Hausa wanda aka buɗe a can cikin 2021. A irin wannan taro a kan zaunar da marubuci ya yi bayanin littafinsa, mutane su yi masa tambayoyi, sa'an nan a nuna fim. Matasa da yawa a Takur da sauran unguwannin Dutse suna ɗaukan wannan tsari baƙon abu ne da aka aro daga waje. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa haɗa mai magana da hoto mai motsi tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma fim ɗin tarihi bai taɓa iya tsayawa shi kaɗai ba sai da mai bayani a gefensa.

Bari mu fara da majigi. Kalmar ta samo asali daga sunan wata fitila ta Turawa mai haska hoto a bango, wadda su ke kira magic lantern. Bahaushe ya yar da kalma ta biyu, ya riƙe ta farko, ya ƙara mata wasali a ƙarshe, gama harshensa ba ya son kalma ta ƙare da baƙi irin wannan. Daga baya sunan ya koma kan motar da Gwamnati ke aikawa ƙauyuka da na'urar nuna fim. Wani Baturen kiwon lafiya a Ikko, William Sellers, shi ne ya yi suna wajen wannan aiki, kuma shi aka danƙa wa Hukumar Fim ta Ƙasashen Mulkin Mallaka da aka kafa a Ingila cikin 1939.

Motar majigi ta kan zaga gundumomi, Dutse kuwa a wancan zamani gunduma ce ta ƙasar Kano. A kan kafa farin ƙyalle a fili, yawanci a ƙofar fada ko ƙofar hakimi, a jira duhu ya yi, kowa ya zo ya kalla ba ko kwabo. Abin da a ke nunawa shi ne tsabta, da noman auduga da gyaɗa, da rangadin manya. To, amma abin lura a nan shi ne mai bayani. Shi ke riƙe da lasifika, yana fassara abin da ke kan ƙyalle, yana nuna wa jama'a inda za su sa ido. Ma'anar fim tana bakinsa. In ya iya magana fim ya yi armashi, in kuwa bai iya ba, mutane su yi ta dariya a inda Bature ya so su tsorata.

Ta wajen littafi kuma, cikin 1933 ne Dokta Rupert East na Ofishin Talifi a Zariya ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga cikin littattafai biyar da aka samu, biyu sun jingina da tarihi sosai. Ɗaya shi ne Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya taɓo yaƙin zuwan Turawa. Ɗayan shi ne Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Balewa, sa'ad da ya ke malamin makaranta a Bauci, tun kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Wannan littafi na biyu ya cancanci a dakata a kansa. Ginin labarin kansa zama ne na mai magana da masu sauraro: almajirai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuwa ya ba su labari. Ya faɗa musu yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya ƙetare hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗa, da yadda mahaifiyarsa ta fita nemansa har ita ma aka bautar da ita. Lokacin da aka rubuta shi shekara talatin ke nan kacal da cin Kano da Turawa suka yi cikin 1903. Watau waɗanda aka kama bayi da waɗanda suka kama su duk suna nan da rai, wasu ma suna zaune gida ɗaya. Mai karatu na wancan lokaci ba ya bukatar a gaya masa mene ne harin bayi, kakarsa ta riga ta gaya masa.

Littafin ya yi doguwar tafiya. Mervyn Hiskett ya juya shi zuwa Turanci cikin 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga cikin 1975. Sa'an nan cikin 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da harshen Hausa, mai tsawon fiye da sa'a biyu. Bayan haka sai fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a, har aka ɗauka ya salwanta. Sai cikin 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fim ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin 2018. A ganina wannan abin a duba ne: littafin bai taɓa barin hannun 'yan makaranta ba, amma fim ɗin da aka kashe masa dukiya mai yawa ya kwana kusan shekara arba'in a cikin gwangwani.

Yanzu a ce an kafa allo a Takur an nuna wannan fim. Yawancin masu kallo an haife su bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa cikin 1991, ba wanda ya taɓa zama da mutumin da ya ga kasuwar bayi. Hoto kuwa yana da ƙarfin da rubutu ba shi da shi: abin da ido ya gani zuciya ta kan ɗauke shi tabbas. Saurayi zai tashi yana zaton ya ga ƙarni na 19, alhali abin da ya gani shi ne yadda mutanen 1976 suka fahimci abin da wani malami ya ƙaga cikin 1933. Hawa uku ke nan tsakaninsa da abin da ya faru, kuma fim ba zai faɗa masa haka ba. Aikin mai bayani ke nan. Bambancinsa da na majigi shi ne wancan ba a mai da masa magana, na bikin adabi kuwa a kan ɗaga hannu a ja da shi, wannan kuma ci gaba ne na gaske.

Dutse ba ta rasa abin da za a zauna a kansa ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kai wa Dutse a zamanin Ada. Akwai labarin Salihi da Musa, shugabannin Fulanin da suka karɓi garin lokacin jihadi. Kusa kuma ga zanen duwatsun Birnin Kudu. Garin yana da jami'ar Tarayya tun 2011, da ɗalibai masu iya riƙe alƙalami da na'urar ɗaukan hoto. Dattawan Garu da suka ji waɗannan labarai daga bakin iyayensu kuwa, kowace shekara raguwa su ke yi.