Ƙurar Kwal da Huhun Mahaƙa: Yadda Ma'auni Ya Ci Amanar Doka a Amurka

Ranar 5 ga Afrilu, 2010, wata fashewa a mahaƙar kwal ta Upper Big Branch da ke jihar West Virginia ta hallaka mutum 29. Da likitoci suka binciki gawarwakin, sun sami damar duba huhun 24 daga cikinsu, sai suka tarar 17 suna ɗauke da cutar baƙin huhu. Wasu ko shekara 10 ba su cika a ƙarƙashin ƙasa ba. Wuta ce ta yi ajalinsu, amma ƙura ta riga ta fara aikinta a ƙirjinsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a lokacin an yi shekara 40 da kafa dokar da aka ce za ta kawar da wannan cuta.

Baƙin huhu ba ya zuwa da gaggawa. Ƙurar da ido ba ya iya gani ita ce ke wucewa can cikin huhu ta zauna, jiki ya yi ta ƙoƙarin fitar da ita ya kasa, wurin ya zama tabo. Tabo kan tabo, har huhu ya ƙandare. Ƙaton da yake yini yana sarar dutse sai a wayi gari ba ya iya taka matakalar gidansa sai ya huta, barci ma sai a zaune. Babu maganin da ke warkar da ita. Iyaka dai a rataya wa mutum tukunyar iskar numfashi, ko a yi masa dashen huhu in ya yi sa'a.

Birtaniya ta amince tun 1943 cewa ƙurar kwal tana jawo cutar da ta cancanci diyya. A Amurka kuwa likitocin kamfanoni sun daɗe suna ce wa mahaƙa asma ce kawai, wasu ma har suna cewa ƙurar tana kare mutum daga tarin fuka. Ana cikin wannan musu aka shigo da manyan injinan yankan kwal a shekarun 1950, ƙura ta ƙara turnuƙewa.

Abin da ya karya musun bala'i ne. Ranar 20 ga Nuwamba, 1968, mahaƙar Farmington ta fashe, mutum 78 suka mutu, duniya tana kallon hayaƙin a talabijin. Wasu likitoci uku, I. E. Buff da Donald Rasmussen da Hawey Wells, suka riƙa bin garuruwan mahaƙa suna yi musu bayanin abin da ke cin ƙirjinsu. A Fabrairun 1969 mahaƙa sama da 40,000 suka ajiye aiki a West Virginia na tsawon mako uku, ba don ƙarin albashi ba, sai don a amince cewa ciwonsu ciwon aiki ne. Jihar ta miƙa wuya a watan Maris. A ƙarshen Disamba Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar tarayya wadda ta ƙayyade ƙura: miligiram 3 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, sannan daga 1972 a sauko zuwa miligiram 2.

Dokar ta yi amfani, wannan ba abin musu ba ne, domin cutar ta ja baya ƙwarai har zuwa ƙarshen shekarun 1990. Sai dai an bar mata ƙofa a buɗe tun ranar farko: yawancin awon ƙurar kamfanonin ne da kansu aka ɗora wa. A ganina nan aka ba kura ajiyar nama. Mahaƙi zai rataya ɗan famfo mai zuƙar iska, ƙurar ta taru a kan 'yar matata, a aika da ita ɗakin gwaji na gwamnati a auna nauyinta. Wanda za a ci tara in nauyin ya wuce kima, shi ne mai riƙe da famfon kafin a aika.

A Afrilun 1991 Sakatariyar Ƙwadago Lynn Martin ta sanar da tuhume-tuhume sama da 4,700 a kan mahaƙu kusan 850. An lura cewa tsakiyar matatun da suke aikowa fara ce fat, kamar an hure ƙurar. Daga baya alƙali ya ce gwamnati ba ta kawo hujjar da ta isa a ce da gangan aka yi ba. Amma a 1998 jaridar Courier-Journal ta birnin Louisville ta tattauna da ɗimbin mahaƙa, suka faɗi da bakinsu yadda ake rataye famfon a hanyar iska mai tsabta, ko a cusa shi cikin kwanon abinci. Da yawansu sun sani, sun yi shiru, domin a garuruwan mahaƙa in mahaƙa ta rufe babu wani aikin. Ban ga laifin mai iyali da ya yi shiru ba.

A 2014 hukumar kula da lafiyar mahaƙa ta sake ƙa'ida. Daga 2016 iyaka ta koma miligiram 1.5, aka kuma wajabta sabuwar na'ura da mahaƙi ke ɗaurawa a ƙugu, tana nuna masa yawan ƙurar nan take. A shekarar 2016 ɗin ce wani likitan hoton ƙirji a Pikeville ta jihar Kentucky, Brandon Crum, ya ba da rahoton mutum 60 masu nau'in cutar mafi tsanani a asibitinsa kaɗai. A 2018 aka ƙirga 416 a wasu asibitoci uku na jihar Virginia, bincike kuma ya nuna cewa a tsakiyar yankin Appalachia, ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi shekara 25 a rami yana da cutar.

Dalilin dawowar cutar kuwa, jijiyoyin kwal masu kauri sun ƙare. Injina yanzu suna yankar siraran jijiyoyi haɗe da dutsen da ke kewaye da su, ƙurar dutsen nan mai sinadarin silika ta fi ta kwal illa nesa ba kusa ba, sabuwar na'urar kuma ba ta bambance su. A Afrilun 2024 aka fitar da ƙa'idar da ta rage iyakar silika zuwa maikrogiram 50, rabin ta da. Ana saura kwanaki ta fara aiki a mahaƙun kwal, a Afrilun 2025, ƙungiyar masu fasa dutse ta roƙi kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta dakatar da ita, kotun kuma ta amsa.