Yawan Jama'ar Nijar: Yadda Ƙasar Ta Tashi Daga Miliyan 5 Zuwa Miliyan 27

Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da yawan jama'arsu ya fi saurin ƙaruwa a duniya. Ƙidayar farko da aka yi a 1977 ta sami mutum miliyan 5.1. Ta 1988 ta sami miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, sannan ta 2012 mutum 17,138,707. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya kai adadin kimanin miliyan 27, kuma ana hasashen zai haura miliyan 50 nan da 2050.

Tsakanin 2001 da 2012, Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, ta lissafa ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara. A kan wannan tafiya, jama'a kan ninka cikin shekara 18 kacal.

Ƙasa mai faɗi, jama'a a gefe guda

Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Idan aka raba jama'ar 2024 a kan wannan fili, mutum 21 ne za su faɗo a kowane murabba'in kilomita. Sai dai wannan lissafi na kan takarda ne, domin kusan kashi biyu bisa uku na ƙasar hamada ce. Jihar Agadas ita kaɗai ta cinye fiye da rabin faɗin ƙasar, amma a 2012 mazaunanta ba su kai dubu 500 ba, wato ƙasa da mutum ɗaya a murabba'in kilomita.

Jama'a sun taru ne a kudu, inda damina ke isar noman gero da dawa da wake. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram na da mutum miliyan 3.5, Maraɗi miliyan 3.4, Tawa miliyan 3.3. Jihohin nan uku, waɗanda Hausawa suka fi yawa a cikinsu, su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na 'yan ƙasar. A Maraɗi cunkoson ya kai mutum 80 a murabba'in kilomita. Birnin Yamai kuwa ya ɗan haura miliyan ɗaya a lokacin, kuma har yanzu mutum takwas cikin goma a karkara suke zaune.

Abin da ya kawo ƙaruwar

Dalili na farko abin farin ciki ne: yara sun daina mutuwa kamar da. Binciken lafiya na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. A 2012 adadin ya sauka zuwa 127. Rigakafi da gidan sauro sun taimaka, haka ma duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta da aka fara a 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadou.

Haihuwa kuma ba ta ragu da irin wannan sauri ba. A 2012 matsakaicin abin da mace ke haifa ya kai 'ya'ya 7.6, adadi mafi yawa a duniya a wancan lokaci. Binciken INS na 2021 ya nuna ya sauko zuwa 6.2. Auren wuri na cikin abin da ke riƙe da adadin a sama, domin binciken 2012 ya gano cewa kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. A ƙauye kuma ɗa hannu ne a gona, kuma shi ne madogarar iyaye idan tsufa ya zo.

Gona, makaranta da ci-rani

Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar haka ita ce kowace shekara sai an ƙara azuzuwa da malamai da gidajen likita kafin ma a tsaya inda ake. A karkara, gonar gado tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin magada, saurar da ake barin ta huta ta yi ƙaranci, gonaki kuma sun shiga burtali da makiyaya, abin da ke haddasa rikici tsakanin manoma da masu kiwo. Ƙarancin cimaka na 2005 da 2010 da 2012 ya nuna yadda damina ɗaya mara kyau ke jefa miliyoyi cikin yunwa.

Daga nan ne ci-rani ke samun ƙarfi. Matasa kan bar gida bayan kaka zuwa Najeriya, Kodebuwa, Ghana, Kamaru, Libiya da Aljeriya, wasu su dawo da faɗuwar damina, wasu su zauna a zango har su yi iyali. Hanyar ba ta rasa haɗari: a watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara da ke kan hanyar Aljeriya.

Yawan jama'a bai kawo lalacewar ƙasa a ko'ina ba. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gonakinsu, dabarar da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5.

Matakan da aka ɗauka

A Damagaram aka soma makarantun mazaje da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke tattauna awon ciki da tazarar haihuwa. A 2017 gwamnati ta fitar da doka kan riƙe 'yan mata a makaranta, kuma Shugaba Mohamed Bazoum ya sa gina makarantun kwana na 'yan mata a gaba bayan hawansa mulki a 2021. Ko da haihuwa ta ci gaba da raguwa, yawan jama'ar zai ci gaba da hawa na shekaru masu yawa, domin iyayen gobe an riga an haife su.