'Yan Uwan Gona: Ƙungiyar da Ta Rubuta Ibadarta a Jikin Dutse

Duk shekara idan sanyin Turai ya wuce, hatsi ya fara fitar da kai a gonakin da ke kewaye da birnin Rum, wasu manyan mutane goma sha biyu sukan ajiye harkokin mulki su yi bikin kwana uku. Sunansu da Latinanci Fratres Arvales, wato 'Yan Uwan Gona. Aikinsu na asali shi ne roƙon albarkar amfanin gona wurin wata abar bautarsu mai suna Dea Dia.

Rumawa na cewa Romulus, wanda suke dangantawa da kafa birnin, shi ya fara ta. Wai matar da ta raine shi, Acca Larentia, tana da 'ya'ya maza goma sha biyu, ɗaya ya mutu, sai Romulus ya cike gurbinsa. Wannan labarin baka ne. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Sarki Augustus ya farfaɗo da ƙungiyar bayan ta kusa shuɗewa, ya shiga cikinta da kansa, ya kuma cika ta da 'yan majalisar dattawa. Wanda ya shiga ya shiga ke nan har mutuwa, ko da an kore shi daga ƙasar. Alamarsu kuwa kambin zangarniyar hatsi ne ɗaure da farin ƙyalle.

Tun a watan Janairu ake shelar ranakun bikin: ko dai 17, 19 da 20 ga Mayu, ko 27, 29 da 30. Ranar farko da ta uku a gidan shugabansu ake yi cikin birni, a ƙona turare, a zuba ruwan inabi, a taɓa hatsi sabo da tsoho, a ci abinci tare. Masu yi musu hidima yara ne 'ya'yan manya, da sharaɗin uwa da uba duk suna raye.

Rana ta biyu ita ce babba. Sukan fita zuwa kurmin Dea Dia, mil biyar daga birni a gefen kogin Tiber. Da safe a yanka 'yan aladu biyu da saniya, daga baya 'yar tunkiya. Sai a jefa wasu tukwanen ƙasa su gangara daga ƙofar ɗakin bauta. Daga nan kowa ya fita, a rufe ƙofa, 'yan uwan su naɗe riguna, su ɗauki littattafai, su rera wata tsohuwar waƙa suna rawa mai taku uku. A ranar ake zaɓen shugaban shekara mai zuwa, a rufe da tseren karusai.

Me ya sa sai da littafi? Domin harshen waƙar ya tsufa ƙwarai, masana da dama na ganin masu rera ta ba su fahimci yawancin kalmominta ba. An sassaƙa ta a cikin bayanin shekara ta 218, aka gano dutsen a 1778 a Batikan, kuma tana cikin mafi tsufan Latinancin da ya iso gare mu.

Ka dubi tsantseninsu. An hana shiga kurmin da ƙarfe, amma rubutu a jikin dutse sai da ƙarfe. Saboda haka duk lokacin da aka shigo da kayan sassaƙa sai an yi yankan kaffara, idan za a fitar ma haka. Ko itace ya faɗi, sai an yi yanka. Wannan ɗabi'a ce ta bar mana bayanan fiye da shekara 250, daga shekara ta 21 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ƙarni na uku.

A cikin waɗannan duwatsu ne ake ganin abin da ƙungiyar ta zama. Roƙon damina mai albarka ya rage kwana uku, sauran shekara kuwa addu'ar lafiyar sarki ce da iyalinsa. Shekara ta 69 ta fallasa haka. A Janairu sun yi yanka domin Galba da magajin da ya zaɓa, Piso. Cikin kwanaki aka kashe su biyun, sai ga 'yan uwan suna yi wa Otho, wanda ya kifar da su. Otho ya faɗi a Afrilu, suka koma kan Vitellius. Da shi ma ya faɗi, aka kankare sunansa daga dutsen.

Mutanen da ba su yarda a tsallake kalma guda ta waƙar da ba su gane ba, su ne suka sauya uban gida sau biyu cikin wata huɗu. Ba mamaki, domin kuskure a al'ada ana gyara shi da ɗan rago, kuskure a siyasa kuwa da wuya ake biya. Yawancin ragowar duwatsun na nan yau a gidan tarihi na ƙasa da ke Rum, har da gurbin da aka kankare.