Takarda da Cancanta: Abin da Aka Tambayi 'Yan Takarar Shugabancin Nijeriya da Abin da Aka Bari

A watan Janairun 2015 ina zaune a teburin wani mai shayi a Kano, rediyo na rataye a ƙusa, aka karanto labarin cewa kakakin rundunar sojan ƙasa, Birgediya Janar Olajide Laleye, ya ce babu takardar sakandaren Muhammadu Buhari a cikin fayil ɗinsa. Wani dattijo direban tirela ya dire kofinsa har shayin ya fallatsa, ya ce, "Ko takardar tsire ya kawo, shi za mu dangwala wa." Wuri ya kaure da shewa. Wani matashi malamin firamare da ke can ƙarshen benci ya ce, "Baba, ai ba maganar karatu ake yi ba. Rantsuwa ya yi a kotu cewa takardunsa suna hannun soja, su kuma sun ce ba sa nan." Babu wanda ya tanka masa. Mai shayi ya ƙara murya, aka shiga wata hirar.

Na daɗe ina ganin malamin nan ya riga manyan jaridun ƙasar gano bakin zaren. Kalmar "cancanta" kaya uku take ɗauke da su a bakinmu. Akwai cika sharaɗin doka, akwai gaskiyar abin da ɗan takara ya faɗa game da kansa, akwai kuma iya riƙon ƙasa. A zaɓuɓɓukan 2015 da 2019 da 2023 an cuɗa ukun nan wuri guda an miƙa wa jama'a da sunan rigimar takarda. Na ukun, wanda shi ne ya shafi tukunyar kowa, shi ya fi shan wulaƙanci.

A fara da doka, domin a nan ne mafi yawan masu musun ba su taɓa leƙawa ba. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 abu huɗu ya nema daga mai son zama shugaban ƙasa: ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, ya kai shekara 40 (gyaran 2018 ya rage ta zuwa 35), wata jam'iyya ta tsai da shi, kuma ya yi karatu har zuwa matakin takardar sakandare ko makamanciyarta. Sai sashe na 318 ya zo ya buɗe ƙofar "makamanciyarta" har wangam. Takardar malanta mai daraja ta biyu ta shiga. Wanda ya yi karatu har zuwa matakin sakandare ya shiga, ba a ce sai ya ci jarrabawa ba. Mai takardar firamare ma ya shiga, in ya yi aikin shekara goma, ya halarci kwasa-kwasan da suka kai shekara ɗaya, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar zaɓe za ta gamsu. A ƙarshe aka ƙara da duk wata shaidar da hukumar ta yarda da ita. Wannan katanga ce da ko akuya za ta tsallake. Mutumin da ya kai muƙamin manjo janar, ko ya yi gwamna, ko mataimakin shugaban ƙasa, ba a nan za a kama shi ba.

Inda doka take da haƙori shi ne sashe na 137, wanda ya haramta takara ga duk wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar jabu. Ashe tambayar da ta halatta ita ce: ka yi ƙarya ko ba ka yi ba? Kuma 'yan jaridar Nijeriya sun taɓa nuna sun san yadda ake yin ta. A watan Yulin 1999 mujallar TheNews ta bi diddigin Salisu Buhari, kakakin Majalisar Wakilai, ta nuna cewa Jami'ar Toronto ba ta san da digirinsa ba, kuma shekarunsa ba su kai waɗanda ya rubuta ba. Ya musa, daga baya ya amsa, ya sauka. A 2018 binciken Premium Times kan takardar yafe hidimar ƙasa ya kai Kemi Adeosun ga ajiye muƙamin ministar kuɗi. A duka biyun an je tushe, an samo hujja, an buga. Babu wanda ya tsaya yana tambaya ko Salisu ya iya lissafi.

Abin da ya faru a 2015 daban ne. Buhari ya tsaya takara a 2003 da 2007 da 2011 ba a ta da wannan ƙura ba. Sai da jam'iyyun adawa suka dunƙule suka zama APC, aka ga alamar zai iya kai labari, sannan takarda ta zama abin nema. Lokacin da zargi ya fito shi kansa labari ne, amma kaɗan ne suka ɗauke shi haka. Tsohuwar makarantarsa, Sakandaren Lardi ta Katsina, wadda ta koma Kwalejin Gwamnati, ta fitar da sakamakon jarrabawarsa ta 1961, shi kuma ya ambaci Shehu Musa 'Yar'aduwa cikin abokan karatunsa. Ofishin yaƙin neman zaɓen shugaba Goodluck Jonathan na jam'iyyar PDP, ta bakin Femi Fani-Kayode, ya ce bai yarda ba. Daga nan aka shiga "wane ya ce, wane ya mai da martani" har makonni, kowace safiya da sabon kanun labari, ba tare da an ƙara wa mai karatu sanin komai ba. A watan ne kuma gwamnan Ekiti, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na wasu jaridu ya jera hotunan Murtala da Abacha da Umaru 'Yar'aduwa, shugabannin da suka rasu a kan mulki, ya liƙa na Buhari a ƙarshe da alamar tambaya. Jaridun sun karɓi kuɗi sun buga.

Wanda ya ga wannan talla, kuma ya ji ana ta nanata cewa janar ɗin bai yi makaranta ba, ba zai ji batun a matsayin tambayar shari'a ba. A Arewa an ji shi ne a matsayin tsohon gorin nan na jahilci, wanda ya samo asali tun daga ratar bokon da mulkin Turawa ya bari tsakanin Kudu da Arewa. Shi ya sa dattijon nan ya dire kofi. Ba Buhari kaɗai yake karewa ba, har da kansa, mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya san hanyar Legas zuwa Maiduguri kamar tafin hannunsa, amma ba shi da takardar da za a rataya a bango. Zargin ya zama tamkar zuga. Ranar 28 ga Maris Buhari ya samu ƙuri'a 15,424,921, Jonathan ya samu 12,853,162.

A 2019 takobin ya zama mai kaifi biyu. PDP ta sake ɗauko takardar, duk da cewa a Nuwamban 2018 magatakardan hukumar WAEC ya je fadar shugaban ƙasa ya miƙa wa Buhari shaidar tabbatar da sakamakonsa. Lauyoyin APC kuwa suka ce Atiku Abubakar, ɗan takarar PDP, ba haifaffen ɗan ƙasa ba ne, tunda a 1946, shekarar haihuwarsa, mahaifarsa Jada tana cikin yankin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya shigo Nijeriya. Da an bi wannan hujja zuwa ƙarshenta, da an mai da dattawan tsohon Lardin Sardauna kaf baƙi a gidajensu. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yi watsi da zarge-zargen biyu a watan Satumba, Kotun Ƙoli ta kori ɗaukaka ƙarar Atiku a Oktoba.

Rikicin takarda na 2023 ya fi kowanne tsawo. Tun a 2022 aka lura Bola Tinubu ya bar gurbin firamare da sakandare babu komai a fom ɗin hukumar zaɓe, ya rubuta digirin Jami'ar Jihar Shikago na 1979. Rigima ce tsohuwa, Gani Fawehinmi ya taɓa jan ta tun Tinubu na gwamnan Legas. Bayan zaɓe Atiku ya kai maganar wata kotun tarayya a Amurka, aka umarci jami'ar ta saki takardu, magatakardanta ya yi rantsuwa cewa Tinubu ya yi karatu a can ya kuma gama, amma bai iya tabbatar da cewa kwafin da aka miƙa wa hukumar zaɓe daga ofishinsu ya fito ba. Kowane ɓangare ya tsinci rabin da ya yi masa daɗi ya yi kanun labari da shi. Da sashen bincike na BBC ya ce bai ga hujjar jabu ba, sai aka koma zagin BBC. Ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta ce wa'adin kwana 180 na sauraron ƙarar ya wuce, ba za ta karɓi sabuwar shaida ba.

Me ya sa ɗakin labarai ke son takarda haka? Tana da arha. Labarin takarda ba ya buƙatar a tura wakili Zamfara ya kwana uku, ko a samo wanda zai zauna ya tsefe kasafin kuɗi. Sanarwar kakakin wannan jam'iyya da martanin kakakin waccan sun cika shafi. Ga kuma batun mai gida. Marigayi Raymond Dokpesi, mai AIT, jigo ne a PDP, kuma tasharsa ce ta nuna fim ɗin ɓatanci kan Tinubu a Maris ɗin 2015, abin da ya kai ta kotu har ta nemi afuwa a 2016. Jaridar The Nation da tashar TVC kowa ya san alaƙarsu da Tinubu. NTA kuwa ta wanda ke kan kujera ce, duk da dokar zaɓe ta ce kafafen gwamnati su raba lokaci daidai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A gidajen rediyon Hausa abin ya ɗauki wata siffa. Tun da tashoshi masu zaman kansu suka bunƙasa a Kano, bayan buɗe Freedom Radio a 2003, aka samu sana'ar sojojin baka, mutanen da ake saya wa minti biyar su yabi ubangidansu su ɓata abokin hamayyarsa. Ba na raina su, a cikinsu akwai masu fasahar magana da ba a samun irinta a jami'a. Amma sojan baka ba zai karanto sashe na 318 ba. Abin da zai iso kunnen mai sauraro shi ne "ba shi da takarda" ko "takardarsa ta bogi ce", an yanke hukunci tun kafin a zauna.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a ɗaga sharaɗin zuwa digiri, har an kai ƙuduri gaban Majalisar Wakilai a kan haka. Hujjarsu ba ta banza ba ce: ƙasar da ke neman digiri wajen ɗaukar ƙaramin ma'aikaci, ya za ta sassauta wa shugabanta? Sai dai tarihi bai ba su goyon baya sosai ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari malaman makaranta ne. Umaru 'Yar'aduwa, mai digiri biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne zaɓaɓɓen shugaba mai cikakken iko na farko da ya yi jami'a, Jonathan kuma yana da digirin digirgir a ilimin dabbobi. Kowa na iya jera su yadda ya ga dama, amma ban ga wanda zai jera su bisa nauyin takardunsu ba. Ɗaga sharaɗin zai rufe ƙofa ga miliyoyin 'yan ƙasa, ya kuma ƙara wa masu buga takardun jabu kasuwa.

Wurin da ake iya auna kaya na uku, wato iya aiki, shi ne inda ɗan takara zai tsaya da ƙafarsa a yi masa tambaya a sake yi masa. A nan ne kuma manyan 'yan takara suka fi zillewa ba tare da sun biya komai ba. A 2011 Jonathan ya ƙi zuwa muhawarar da Kadaria Ahmed ta jagoranta, inda Buhari da Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau suka fafata, daga baya ya je wata ya tsaya shi kaɗai. A 2015 Buhari ya ƙi zuwa. Ranar 19 ga Janairun 2019 Buhari bai zo ba, Atiku ya iso har otal ɗin a Abuja, da ya ga haka ya juya, aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye da mumbari biyu babu kowa. A 2022 Tinubu ya ƙaurace wa tarukan tashar Arise, ya je Chatham House a Landan a watan Disamba, inda ya rarraba wasu tambayoyin ga 'yan tawagarsa, har da Nasir El-Rufa'i, su amsa a madadinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi surutunsa kwana biyu ko uku an wuce. Kuma duka da Turanci aka yi su, direban tirelar nan ko da an yi ba da shi aka yi ba.

Kafin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye ba, kuma an samu 'yan jaridar da suka tambaya. Amma tambayar da za ta biyo baya, wato a wane wata, a lokaci guda ko sannu a hankali, me za a tanadar wa mai babur da mai injin ban-ruwa, ina za a kai rarar kuɗin, ba ta samu ko kusa da filin da aka ba fom ɗin hukumar zaɓe ba. Ranar 29 ga Mayu, a dandalin Eagle Square, sabon shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 a yawancin jihohi, kuma a lokacin lauyoyi suna can suna haɗa takardun da za su kai Shikago.