Ɗakin Ibada, In Masu Shi Sun Tashi, Na Wane Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

Garin nan namu layin dogo ne ya tara shi. A 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, a 1933 kuma Sarkin Jama'a ya taso daga tsohon gari ya dawo da fadarsa nan. Iyayenmu sun tarar da Fantsuwam a ƙasarsu, Ibo da Yarbawa suka biyo aikin reluwe, kowa ya kafa inda zai yi ibada. Shi ya sa za ka ga masallaci da coci katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Sai fitina ta shigo. A Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta nan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona coci-coci masu yawa da masallatai. A Afrilun 2011 kasuwarmu ta ƙone, 'yan'uwanmu na Zonkwa suka bar gidajensu. Tun daga nan kowa ya koma cikin nasa. Yau a jihar nan akwai masallacin da ba mai kiran sallah a cikinsa saboda Musulmin unguwar sun tashi, akwai kuma cocin da ke kulle a tsakiyar Musulmi. To irin wannan gini na wane ne? Tarihi ya nuna mana amsa uku.

Ta farko ita ce ta mai ƙarfi. Aya Sofiya da ke Istanbul, Sarkin Rum Jastiniyan ya gama gina ta a matsayin coci a 537. A 1453 Sultan Muhammadu Alfatihi ya ci birnin, ta koma masallaci. A 1934 gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta mayar da ita gidan tarihi, a 2020 kotu ta soke wannan doka, aka yi Juma'a a ciki ranar 24 ga Yuli. Da yawanmu mun yi murna, mun yi ta tura bidiyon a waya. Amma mu tuna da Kurɗuba ta Andalus, wato Sifen ta yau. Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina babban masallacinta wajen 785, Kiristoci suka karɓi garin a 1236 suka mai da shi babban cocinsu. Har gobe mihirabin yana nan, amma ba a barin Musulmi ya yi raka'a biyu a gabansa. Zafin da muke ji in an ambaci Kurɗuba, shi ne maƙwabcinmu ke ji in an ambaci Aya Sofiya. Shekaru ɗaruruwa sun wuce, ciwon bai warke ba ta kowane ɓangare. Ga mu kuwa da muke masu rinjaye a wannan layi, marasa rinjaye a na gaba, wannan doka ba ta da riba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ta biyu ita ce a ce kowa ya haƙura, a mai da wurin gidan tarihi. Wannan yana da muhallinsa. Kawunan yumɓu na Nok, da aka tono a wuraren haƙar kuza a wannan yanki namu, sun haura shekara 2,000. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ma da sunan Jama'a ake kiransa, shi ne wanda ya shiga hannun Bature Bernard Fagg a 1943. Waɗanda suka ƙera su sun shuɗe, ba wanda zai zo ya ce a ba shi kayan ibadarsa, don haka gidan tarihi ya dace da su. Ɗakin ibada mai jama'a kuwa daban ne. Dubi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shekara kusan 190 ke nan. Masana gini na duniya suna zuwa kallon bakan gizonsa, amma ga mutanen Zazzau wurin sallah ne, kuma mu ma namu ne, tunda Jama'a ƙarƙashin Zazzau ta taso. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na rufinsa ya rufta ana sallar la'asar, masallata da dama suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Wannan ya koya mana cewa tsohon gini mai jama'a yana bin mu haƙƙi biyu: a kiyaye aikin magabata, a kuma kiyaye ran wanda ke sujada a ƙarƙashinsa. Kulle shi don 'yan kallo bai biya na biyun ba, rushe shi don a zuba siminti bai biya na farkon ba.

Ta uku ita ce wadda muka koya a makaranta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya karɓi birnin Ƙudus, lokacin sallah ya same shi a babban cocin Kiristoci. Limaminsu ya ce ya yi a ciki, ya ƙi, ya fita waje ya yi, don kada na baya su ce Umar ya yi sallah a nan su ƙwace wurin. Ga shi da ƙarfi a hannu, amma ya bar wa masu abu abinsu. Har yau cocin yana nan, kuma gidajen Musulmi biyu ne ke riƙe da mabuɗinsa suna buɗe ƙofarsa. A Suratul Hajji, aya ta 40, Allah Ya ambaci wuraren ibadar Nasara da na Yahudu tare da masallatai cikin abin da ake karewa daga rushewa.

Wannan ita ce hanyar da ta dace da mu. Cocin da ke kulle a layinmu amana ce a wuyanmu. Kada yaranmu su ɓalle ƙofarsa, kada a kwashe kwanon rufinsa, kada a mai da harabarsa juji ko shago. Wanda ya zo da maganar a shafa masa fenti a sa lasifika, mu tambaye shi takardar ciniki daga masu shi, da yardarsu, ba ta tsoro ba. Ai malamai sun daɗe suna gargaɗi kan sallah a filin ƙwace. Dattawan unguwa su zauna da fastoci da masu unguwanni, a rubuta kowane masallaci da coci da aka bari, da sunan jama'arsa da shekarar gina shi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. In mun tsare nasu a nan, muna da bakin cewa su tsare namu a can, har ranar da masu su za su dawo.

Allah Ya zaunar da ƙasar Jama'a lafiya, amin.