Daga Su Zuwa Kiwo: Tarihin Kiwon Kifi a Nijeriya

A ƙasar Hausa ta dauri su aka sani, ba a san kiwon kifi ba. Ana ɗaukar kifi tamkar naman daji, wato Allah ne ke kiwonsa, mutum kuwa nasa kamu. Sana'ar ta gado ce, tana hannun Sarkawa a ƙarƙashin Sarkin Ruwa, da kayan aikinsu irin su koma da taru da mamari da gora. Sai dai ina so mai karatu ya lura da wani abu. Magabata sukan hana shiga wani gurbi na tsawon watanni har kifi ya hayayyafa, sannan a sa ranar buɗe ruwa. A kan irin wannan al'ada aka gina bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Ashe tattalin kifi ba baƙo ba ne a wurinmu, haƙa masa tafki da ba shi abinci ne baƙon abu.

Wannan baƙon abu Turawan mulki ne suka zo da shi. A 1951 aka fara gina gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, aka kuma zuba mata wani irin kifi da aka kawo daga Turai. Bayan samun 'yancin kai aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, binciken da aka fara a kan tafkinta shi ya haifi cibiyar nazarin kifi ta Sabuwar Busa. A nan Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo ya bar mana Bagauda da Tiga, aka kuma yi wurin ƙyanƙyasar kifi a Bagauda. A ganina gonakin gwamnati sun horar da ma'aikata, amma kifin da suka kai kasuwa bai taka kara ya karya ba.

Ana cikin haka ruwa ya fara ja da baya. Farin 1973 da na 1984 sun tsotse Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Madatsun da muke alfahari da su ma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda kifi ke zuba ƙwai. Daga baya rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwar banda ta Baga, musamman bayan harin 2015. Giɓin da aka samu kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ne ya cike shi.

Abin da ya sauya al'amari shi ne tarwaɗa. Kifi ne mai taurin rai, yana iya shaƙar iska a saman ruwa, don haka yana jure cunkoso a ƙaramin kwami na siminti ko na tamfol. Da aka gano dabarar ƙyanƙyasarsa sai aka huta da jiran damina. Akan yi wa macen allura, bayan wasu sa'o'i a matse ƙwan a kwano, a fede namijin a haɗa da ruwan jikinsa, kafin kwana biyu 'ya'ya sun fito. Cikin wata biyar zuwa shida tarwaɗa kan kai kilo guda. Ranar da na fara ganin wannan aiki a bayan gidan wani malamin makaranta, na daɗe ina tunanin abin da tsofaffin masunta za su ce. Ga shi kuma ana kai ta kasuwa da ranta a cikin rabin jarka, ba ruwanta da wutar lantarki.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kifin kiwo a Nijeriya ya tashi daga kimanin tan 25,000 a shekarar 2000 zuwa sama da tan 300,000 a 2015, akasarinsa tarwaɗa. Jihohin kudu maso yamma ne suka yi gaba, Arewa ta biyo baya. Masu ƙyanƙyasa da dillalai da masu banda da matan da ke farfesu da samarin da ke gashi da dare duk a nan suke cin abinci.

Daga wannan lokaci kuwa sai abin ya tsaya cik. Abincin kifi shi ke cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na jarin mai kiwo, kuma mai kyawunsa, ko kayan haɗa shi, daga waje ake kawowa. Ambaliyar 2022 ta tafi da tafkuna masu yawa, faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ninka kuɗin buhu, har wasu suka zubar da ruwan kwaminsu suka koma wata sana'a. Har yau abin da muke kamawa da wanda muke kiwatawa bai ishe mu ba.

Wani abin da ke damuna shi ne, a cikin masu kiwon da na sani, ma'aikata ne da 'yan fansho da 'yan kasuwa suka fi yawa. 'Ya'yan Sarkawa, waɗanda suka gaji sanin halin kifi, ba su da jarin gina kwami. Da yawansu yanzu su ake ɗauka haya ranar kwasa, su shiga da taru su kamo kifin wani.